A Nan Ma Ana Ɗauke Wuta: Tsare Kwamfutarka da Takardunka a Amurka

Duk wanda ya sauka Amurka daga Kano ko Zariya, makonsa na farko zai ce maka ya rabu da NEPA har abada. Gaskiya ne a nan sai ka shafe watanni ba a ɗauke ba, amma ranar da za ta tafi ba ta sallama, kuma ba ka da janareta a bayan gida. Mu da ke Houston mun gani a Fabrairun 2021, lokacin da sanyi ya durƙusar da lantarkin Texas, gidaje sama da miliyan 4 suka kwana cikin duhu. Yulin 2024 guguwar Beryl ta sake yi mana haka, wasu unguwanni sai da suka haura mako.

Fara da duba kan caja. Ƙarfin wutar Najeriya 230V ne, na Amurka 120V. Cajar laftof ko ta waya yawanci za ka ga an rubuta mata 100–240V, to bakin filogi kawai za ka canza. Abin da aka rubuta wa 220–240V kaɗai, bar shi a jaka.

In kwamfutar tebur gare ka, sayi UPS. Akwati ne mai batir da ke riƙe wuta da zarar ta tafi. Ƙarami mai 600VA zai ba ka 'yan mintoci, daidai adana aikinka da kashe na'ura cikin natsuwa. Jona masa rauta ma, wato na'urar da ke raba intanet a gida, don intanet ta ci gaba in layin kamfanin bai mutu ba. Kada ka jona masa hita ko firinta mai leza, sun fi ƙarfinsa. Batirinsa kan gaji cikin shekara 3 zuwa 5, kuma ana canza batirin shi kaɗai. Mai laftof kuwa batir na jikinsa, abin da yake buƙata shi ne soket mai tare bugun wuta, domin lokacin dawowarta ne ake yawan ƙona kaya.

Amma abin da ya fi damuna takardu ne. A nan rayuwarka tana cikin fayil: hoton fasfo da biza, takardar I-20 da makaranta ke ba ɗalibin ƙasar waje in ɗalibi ne kai, yarjejeniyar haya, takardun haraji. Buɗe babban fayil guda, ka sa su ciki, ka haɗa shi da ma'ajiyar intanet yadda duk abin da ka gyara a kwamfuta zai bayyana a waya. Google Drive na ba da 15GB kyauta, OneDrive da iCloud 5GB kowanne, Dropbox 2GB. Ka lura, 15GB ɗin nan tare ake cinye shi da Gmail da hotuna da ajiyar WhatsApp, kuma bidiyon biki da ake turo mana daga gida ba ya ɗaukar lokaci wajen cika shi. In ya cika, wasiƙu ma sai su daina shigowa.

Ga inda mutane ke tafka asara. Wannan haɗin da ma'ajiyar intanet kamar madubi yake: ka goge a waya, ya goge a kwamfuta. Wata rana ƙaramar 'yata ta ɗauki wayata tana latse-latse, washegari na buɗe laftof zan tura takardar haya, babu ita, babu sauran da ke tare da ita. Gabana ya faɗi. Allah Ya taimake ni na same su a kwandon shara na Google Drive, wanda ke riƙe abu kwana 30 kafin ya share shi gaba ɗaya. Tun daga ranar na sayi hard disk na waje, wato na'urar ajiyar fayil da ake jonawa da kwamfuta, duk Juma'ar ƙarshen wata in kwashe komai a kai, in cire shi daga jikin kwamfuta in sa a durowa. Cirewar tana da muhimmanci, don abin da ke jone, bugun wuta ko cutar kwamfuta na iya haɗawa da shi.

Ɗalibai, kada ku zuba takardunku na kanku a asusun jami'a. Bayan kammala karatu makarantu da yawa na rufe shi.

Sai lambar waya. Da yawanmu da layin MTN ko Airtel muka buɗe Gmail, can ake turo lambar tabbatarwa. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi ana toshe shi, har a sayar wa wani, kai kuma kana nan ka kasa shiga asusun da ke ɗauke da dukan takardunka. Tun layin na aiki, shiga saitin tsaro ka sa lambarka ta nan, sannan ka sauke lambobin ko-ta-kwana guda 10 da Google ke bayarwa, ka rubuta su a takarda, ka ajiye tare da fasfo.