Yadda ake horar da manyan manajoji su ƙware kuma su zauna a kamfani

Masu masana'antu a Sharada da Bompai da Challawa a Kano kukansu ɗaya ne, ka ɗauki mutum tun yana ƙaramin akawu ka raine shi har ya zama shugaban sashen kuɗi ko manajan masana'anta, rana ɗaya sai ya ajiye maka takardar barin aiki ya koma banki ko wata ƙungiyar agaji a Abuja ko Maiduguri. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 darajar naira ta faɗi abin ya ƙara yawa. Kowa sai ya ce ai kuɗi ne. Kuɗi na ciki tabbas, amma babban manaja sau da yawa yana tafiya ne don ya gaji da zama ɗan aike mai babban ofis, ba wanda ke tambayar ra'ayinsa kuma bai ga inda zai kai nan da shekara biyar ba. Wannan shi zaman horarwa na mutum da mutum yake gyarawa, in an yi shi daidai.

Da farko ka zaɓi wanda za a horar, kuma don Allah kar ka fara da wanda ka riga ka yanke shawarar kora. Na ga masu kamfani suna haɗa manaja da koci, wato mai irin wannan horarwa, a matsayin gargaɗin ƙarshe, daga nan duk ma'aikata suka ɗauka cewa duk wanda aka ba koci to kwanansa ya ƙare. Ka fara da gwanayenka biyu ko uku, waɗanda in sun tafi za ka ji a jikinka, kuma ka faɗa a fili cewa don ana ji da su ne.

Sai wanda zai yi horarwar. Ni a wajena kar ya zama ogansa kai tsaye, wanda ke rubuta masa rahoton ƙarshen shekara kuma shi ke yanke ƙarin albashi. Ba mai fito da rauninsa gaban wanda ke riƙe da abincinsa. Ka nemo na waje. Masu takardar shaidar ICF, ƙungiyar masu irin wannan horarwa ta duniya, suna da tsada kuma galibinsu a Legas da Abuja suke, in aljihu bai kai ba tsohon manajan banki ko na masaƙa da ya yi ritaya zai iya, muddin ya iya sauraro ba mai son ba da labarin zamaninsa ba ne. Kuma in kana biyan ITF, asusun gwamnati na horar da ma'aikatan masana'antu, kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikata, ka je ofishinsu kafin a fara ka tambaya ko shirin zai shiga cikin horon da suke mayar da wani ɓangare na kuɗinsa, sai an nemi amincewarsu tun farko.

Yanzu ga wajen da yawanci ake faɗuwa. Kafin zama na farko ku zauna ku uku, kai mai kamfani da koci da manajan, ku amince a kan abu biyu ko uku kawai da ake son su canza cikin wata shida, a rubuta. Ba irin "ya inganta shugabanci" ba, abu da ake gani, misali ya daina sa hannu da kansa a kowace takardar sayen dizal ya bar wa mataimakinsa, ko ya iya gabatar da kasafin shekara gaban daraktoci ba tare da an riƙe masa hannu ba. Sannan a faɗa gaban kowa cewa abin da aka tattauna a ɗaki sirri ne, mai kamfani zai ji ci gaban da aka samu a kan waɗannan abubuwan kawai. Kuma ka cika wannan alkawari! Kar ka kira koci da daddare kana cewa "Malam, me yake faɗa a kaina?" Ranar da manajan ya ji maganar da ya yi a ɗaki ta fito daga bakinka, shi ke nan, zai ci gaba da zuwa zaman amma ba abin da za a ƙara ji daga gare shi sai "lafiya lau ranka ya daɗe, komai na tafiya daidai."

Shi kansa zaman awa ɗaya ne duk sati biyu, ba a ofishinsa ba inda masinja ke leƙowa da fayil kowane minti biyar, waya a kashe. Koci tambaya yake yi, me kake son mu warware yau, mene ne ainihin halin da ake ciki, waɗanne hanyoyi kake gani, wanne za ka ɗauka kuma yaushe. Wannan shi ne tsarin GROW da aka fito da shi a Ingila, ba wani abin wahala ba ne. Wahalar ita ce yin shiru bayan tambayar. Mutanenmu akwai kunya da kawaici, in ka ce wa manaja me ke damunka zai ce ba komai, ka ƙara tambaya ya ce sai godiya. Sabon koci sai ya tsorata da shirun ya fara zuba nasiha, awa ta ƙare shi kaɗai ya yi magana manajan na ta gyaɗa kai. A'a, kai koci ka bari shirun ya yi tsawo, ka sha shayinka, zai juya biro ya kalli taga sannan ya ce "gaskiya akwai wata magana", sai ka ji ashe ƙanin Alhaji mai kamfanin ne ke zuwa sito ya fitar da kaya ba takarda kuma shi ake tuhuma in lissafi bai cika ba. Sai an zo nan ake fara aiki. Kuma ko a nan kar ka ba shi mafita, ka tambaye shi ya yake ganin zai tunkari Alhaji da maganar, ku gwada yadda zai faɗa a ɗakin har bakinsa ya saba.

Kai kuma mai kamfani naka aikin shi ne ka sakar masa iko a zahiri. In an horar da mutum wata shida amma har yanzu ba zai iya amincewa da gyaran janareta ba sai ya kira ka kana Umara, kuɗinka ka zubar, har ma ka ƙara masa ƙwarewar da zai kai wa wani kamfani. Ka sa masa iyakar kuɗin da zai iya sa hannu a rubuce, ka gaya wa 'ya'yanka da ƙannenka su bi ta wajensa, in ya yi kuskure ku yi magana ku biyu ba gaban yaransa ba.

Sauran ba wuya. A wata na uku ku sake zama ku uku a duba abubuwan da aka rubuta, a tambayi mutum huɗu ko biyar da ke ƙarƙashinsa ko sun ga canji ba tare da an sa sunansu ba. A wata na shida a rufe, kar a bar shi ya dogara da koci har abada. Ka gaya masa ƙarara kujerar da kake shirya shi dominta da kuma lokacin, ka gyara albashinsa ya yi kusa da na kasuwa, sannan ka ba shi ƙaramin manaja ɗaya shi ma ya fara zama da shi duk sati biyu.