Yadda za ka fara sauraren Linton Kwesi Johnson ba tare da ka gaji a hanya ba

Idan ka taɓa cin karo a YouTube da wani dattijo baƙar fata sanye da kwat da malafa, ya tsaya cak gaban makirfo ba rawa ba tsalle, yana jero magana a kan kiɗan rege kamar mai karanto takardar ƙara a kotu, to wannan shi ne Linton Kwesi Johnson, ana ce masa LKJ. Mutane da yawa minti biyu suke yi su wuce, su ce ba su gane komai ba, kuma ban ga laifinsu ba don babu wanda ya nuna musu ta inda ake shiga. Shi mutumin nan kusan kowace waƙarsa akwai wani abu da ya faru a zahiri a bayanta, wani kamu ko wata gobara ko wani mutum da aka kashe, in ka san abin sai waƙar ta buɗe maka, in ba ka sani ba sai dai ka ji kiɗa kana gyaɗa kai.

Fara da sanin waye shi, a gurguje. An haife shi a 1952 a Chapelton, wani ƙaramin gari a Jamaika, yana ɗan shekara 11 ya bi mahaifiyarsa Landan a 1963, suka zauna a Brixton inda 'yan Karibiyan suka yi yawa. Tun bayan yaƙin duniya na biyu mutanen tsibiran nan suke ta kwarara Ingila ana ɗaukarsu aikin bas da jirgin ƙasa da asibiti, amma gidan haya ma sai an sha wuya kafin a ba baƙin mutum. Yana makarantar sakandare ya shiga ƙungiyar Black Panther ta Birtaniya mai fafutukar haƙƙin baƙar fata, a cikinta ya fara haɗa zaman masu rubuta waƙa, daga baya ya karanta ilimin zamantakewa a kwalejin Goldsmiths, sannan ya shiga tawagar mujallar Race Today tare da ɗan gwagwarmaya Darcus Howe. Ka riƙe wannan da kyau, gwagwarmaya ya fara yi kafin waƙa, waƙar kayan aiki ce a wurinsa.

To yanzu sauraro. Shawarata kar ka fara da littafi, fara da kunne. Da Turancin Jamaika yake rubutu kuma yadda ake furta kalma haka yake rubuta ta, in ka buɗe shafi ka zura masa ido kawai kanka zai yi ciwo. Ka sa iyafis mai kyau ko sifika mai fitar da ƙarar ƙasa-ƙasa, don sifikar waya ba ta fitar da jitar bas, ita kuwa a nan ce ƙashin bayan komai, a kanta yake ɗora amon baitinsa. Ka saurara sau ɗaya ba ka neman ma'ana, sannan ka nemo rubutun waƙar ka sake kunnawa kana bi da ido, karo na uku ka karanta da bakinka da ƙarfi ko da mutan gida za su ɗauka wani abu ne ya taɓa ka. Wanda yake jin Broka ya samu sauƙi sosai, kunnensa zai kama da wuri fiye da wanda ya tsaya kan Turancin makaranta. Mu da muka saba da rubutacciyar waƙa da ake rerawa a rediyo ma abin ba baƙo ba ne a wurinmu, mun san baiti sai an ji shi a baki yake cika.

Waƙar da za ka fara da ita Sonny's Lettah ce, tana cikin faifan Forces of Victory na 1979. Amma kafin ka danna, ga abin da ya kamata ka sani. A lokacin akwai wata doka da ake kira sus, an tsamo ta ne daga tsohuwar dokar hana yawon banza ta 1824, ta ba ɗan sanda damar ya kama mutum kawai don yana zargin wai yana shirin aikata laifi, ba sai ka yi komai ba, tsayuwa a bakin titi ma ta isa, kuma samarin baƙar fata su suka fi shan ukubarta. Waƙar wasiƙa ce, wani saurayi Sonny ke rubuta wa uwarsa daga kurkukun Brixton, ya fara da gaisuwa cikin ladabi yana ba ta haƙuri cewa ya kasa riƙe amanar ƙaninsa Jim, suna jiran bas ne 'yan sanda suka diro daga mota suka hau Jim da duka, shi kuma ya kasa tsayawa kallo ya shiga, ɗan sanda ɗaya ya faɗi ya mutu, Jim aka tuhume shi da sus, Sonny da kisan kai. Ka kasa kunne ka ji yadda muryar ba ta tashi ko a wajen dukan, a natse yake lissafo inda aka buga da inda aka shura, kuma kiɗan yakan ja baya ya bar muryar ita kaɗai a wasu wuraren. Wallahi wannan natsuwar ta fi ihu ciwo. An soke dokar a 1981.

Daga nan ka tsallaka shekarar 1981 ɗin kanta, don in ba ka san ta ba rabin aikinsa ya wuce ka. Ranar 18 ga Janairu gobara ta tashi a wani gida a unguwar New Cross ta Landan ana bikin zagayowar ranar haihuwa, matasa baƙar fata 13 suka rasu. Jama'ar unguwa da yawa sun yi zargin 'yan wariyar launin fata ne suka cinna wutar, har yau ba a gurfanar da kowa ba, abin da ya ƙara ƙona musu rai kuma shi ne yadda manyan ƙasa suka yi gum. LKJ yana cikin waɗanda suka shirya zanga-zangar ranar 2 ga Maris, inda mutum wajen 20,000 suka fito suka ratsa Landan. Wata guda bayan nan 'yan sanda suka ƙaddamar da samamen Swamp 81 a Brixton, suka tare kusan mutum 1,000 cikin 'yan kwanaki suna caje su, a watan Afrilu unguwar ta kama da wuta. Waƙoƙi biyu ne za ka nema a nan, New Craas Massahkah da Di Great Insohreckshan, duka suna cikin faifan Making History. Ka ji su a jere, ta farko makoki ce, tana komawa kan ɗakin rawar da hayaƙin da ya turnuƙe, ta biyu kuwa da sauri take tafiya da murna a cikinta, don shi bai ɗauki abin da ya faru a Brixton a matsayin tarzomar 'yan iska ba, tawaye ya kira shi. Kana iya ƙin yarda da shi a kan wannan, amma dai ka san a inda ya tsaya.

Sauran kuma sai ka bi wannan hanyar da kanka, duk sunan da ka ji a waƙa ka tsaya ka bincika shi. George Lindo ma'aikaci ne a Bradford da aka ɗaure kan fashin da bai yi ba, aka yi ta kamfen har aka sake shi. Blair Peach malamin makaranta ne ɗan New Zealand, farar fata, da ya mutu bayan an buge shi a ka a wata zanga-zangar adawa da 'yan National Front, jam'iyyar masu wariyar launin fata, a unguwar Southall ta Landan a 1979. Walter Rodney masanin tarihi ɗan Guyana da bam ya kashe a 1980. Kowanne yana da tasa waƙar. Akwai kuma ta lebura a faifan Bass Culture na 1980, sunanta da ɗan ashar a ciki shi ya sa ban rubuto ba, mutum ne ke lissafa wanke-wanke a otal da haƙar rami da duk ayyukan da ya yi a Ingila har ƙarfi ya ƙare aka sallame shi, duk ɗan ci-rani ya ji ta zai gane.

Kar ka raina mai kiɗan fa. Dennis Bovell, haifaffen Barbados, shi ne ya yi shekaru yana haɗa masa sauti da jagorantar makaɗa, in kana son jin aikinsa zalla ka nemi LKJ in Dub, inda aka cire mafi yawan maganar aka bar ganga da bas da amsa-kuwwa. Sai kuma ka juya ka nemi inda LKJ ke karatu shi kaɗai babu kiɗa ko kaɗan, akwai faifai guda na haka da ya fito a 1996, za ka yi mamaki, kiɗan na nan a cikin kalmomin. Ni a ganina a nan ne gwanintarsa ta fi fitowa, masu cewa ai mawaƙin rege ne kawai ba su ji wannan ba.

In ka gaji da siyasa, don gaskiya tana da nauyi in ka jera su, ka saurari Reggae fi Dada, marsiyyar da ya yi wa mahaifinsa da ya rasu a Jamaika, ko da yake ita ma ba ta bar talaucin tsibirin ya huta ba.

Littafi shi ne na ƙarshe. Mi Revalueshanary Fren zaɓaɓɓun waƙoƙinsa ne da kamfanin buga littattafai na Penguin ya fitar a 2002 cikin jerin Modern Classics, shi ne baƙar fata na farko da waƙoƙinsa suka shiga wannan jerin, kuma marubucin waƙa na biyu da aka sa yana raye. In maƙalu da sharhi kake so akwai Time Come na 2023. Ya kuma karɓi kyautar adabi ta PEN Pinter a 2020, jawabinsa na ranar ya cancanci a nema. In data ta yi maka kaɗan, ka sauke sautin Forces of Victory kawai ka bar bidiyo, waƙa takwas ne a ciki kuma bai kai minti 40 ba.