Darasi na Tara: Neman Abokan Barin Giya

A garuruwanmu ba a sayar da giya a bainar jama'a. Tun 2000 Kano da Jigawa suka koma kan shari'ar Musulunci, Hisba kuma tana kama masu sayarwa. Amma kusan kowa ya san lungun da ake dafa burkutu, da yadda kwalba ke shigowa ranar kasuwa a ƙasan buhu. Saboda wannan ɓoyo, mai sha a ɓoye yake sha, in ya so bari ma a ɓoye yake fama, shi kaɗai.

Wani magidanci da ya yi karatu a ajina, ba zan kama suna ba, ya taɓa tsayawa bayan an tashi. Tun da rana na lura fensir na rawa a hannunsa, harafi ya ƙi zama a kan layi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, sau huɗu ina rantsuwa na bari. Ranar kasuwa na zuwa sai ƙafata ta kai ni." Na tambaye shi wa ya sani. Ya ce mai ɗakinsa kaɗai, ita ma ba su taɓa yin maganar ba. Abin da ya rasa shi ne mutum guda da zai gaya wa gaskiya kafin ƙafar ta ɗauke shi.

Zaman taimakon juna tsakanin masu son barin giya ya daɗe a duniya. A 1935, a garin Akron na Amurka, mashaya biyu, Bill Wilson da wani likita Bob Smith, suka gane cewa in suna haɗuwa suna faɗa wa juna halin da suke ciki, sukan iya wuni ba su sha ba. Daga nan aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda ake kira AA. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a fitar da sunan kowa, kuma kowa yana ɗaukar alkawarin yau kaɗai: yau ba zan sha ba.

Kafin neman abokai, a fara da asibiti. Ina roƙonku kada ku tsallake wannan. Wanda jikinsa ya saba da sha kullum, in ya yanke lokaci guda, cikin awa 6 zuwa 24 zai iya fara karkarwa da gumi da amai. Wasu sukan faɗi kamar mai farfaɗiya. A kwana na 2 ko na 3 wasu kan ruɗe, su riƙa ganin abin da babu. A ƙauye sai a ce iska ce, a kawo turare, alhali ciwo ne da ke iya kisa, kuma likita yana da maganin da zai sauƙaƙa shi. Ka je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku, ka gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiyar yawan abin da kake sha, ya ba ka takardar turawa. A Kano akwai asibitin lafiyar ƙwaƙwalwa na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A Jigawa akwai asibitin lafiyar ƙwaƙwalwa na Kazaure. Zuwa can ba ya nufin hauka.

A can ɗin ne za ka yi tambayar: "Ko akwai masu irin matsalata da ke haɗuwa?" Ma'aikatan jinya da na walwalar jama'a su suka fi sanin wannan, domin ba za ka ga allo a bakin titi ba. In an nuna maka, ka zauna sau biyu ko uku ka saurara tukuna. In ka ji maganar da aka yi a ciki tana yawo a majalisar mai shayi, ka bar wurin. Duk inda ake sa mari ko duka, ka guje shi. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina, wasu da sarƙa a ƙafa.

In babu a kusa, mutum uku sun isa. Ku nemi limami ko dattijo mai riƙon sirri ya ba ku zaure. Ku tsayar da rana, zai fi kyau daren jajibirin kasuwa. Kowa ya yi magana, ba katsewa, ba gori. Ku karɓi lambar wayar juna, wanda sha'awa ta taso masa ya kira ko da tsakar dare ne. Mace mai wannan damuwa ta fara da ma'aikaciyar jinya ko malamar Islamiyya da ta yarda da ita.

Wani zai koma sha, wannan kusan tabbas ne. Ku je ku ɗauko shi. Ya zo a Bukhari cewa an sha kawo wani mutum gaban Annabi (SAW) saboda giya, wani ya tsine masa, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa.

Aikin gida: rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da kai, da kuɗin motar zuwa. A ƙasa, rubuta harafin farko na sunan mutumin da za ka iya gaya wa sirrinka.