Idan An Ce Iskar Ƙanƙara Na Tafe Shikago

Ɗan'uwa, in ka sauka Amurka a bana, kada ka auna sanyin nan da hunturun gida. Ina Shikago a ƙarshen Janairun 2019 lokacin da iska ta gangaro daga can ƙuryar arewacin duniya, awo ya kai kusan 30 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas. Na fita jefar da shara ba safar hannu, kafin in dawo yatsuna sun daina ji.

Da zarar masu hasashen yanayi sun yi gargaɗi, sayi abinci da ruwa na kwana uku, ka cika wayarka da caji, ka cika tankin mota, ka ajiye bargo a cikinta. Tufafi kuwa a jera su hawa uku: mai kama jiki a ciki, suwaita ta ulu, sai jaket mai tare iska. Hula ta rufe kunnuwa. In ka yi alwala, goge jikinka sarai kafin ka leƙa waje.

Da dare ka bar famfo yana ɗiga kaɗan-kaɗan, don ruwa in ya daskare a bututu sai ya fasa shi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne gawayi. A gida mun saba da kaskon wuta, ɗaki na shan iska ta ko'ina. Nan gidaje a toshe suke ruf. In wuta ta ɗauke, kada ka hura gawayi ko ka kunna janareta a ciki. Iskar da ke fita ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Sayi na'urar da ke yin ƙara in iskar nan ta taru, ka gwada batirinta yau.