Yadda Ake Girka Ƙararrawar Hayaƙi da ta Iskar Kabon Monoksaid a Gida

Warin hayaƙi ba ya tayar da mai barci yadda mutane ke zato. Shi ya sa gobarar dare ta fi ɓarna, domin hayaƙi kan cika ɗaki ya galabaitar da mutum tun harshen wuta bai iso gare shi ba. Aikin ƙararrawa shi ne ta tashe ka da ƙara tun da sauran lokacin fita.

Da farko ka san na'urori biyu ne. Ɗaya ta hayaƙi, ɗaya ta kabon monoksaid, iskar gubar da ke fita daga janareta, gawayi, murhun gas ko injin mota idan mai bai ƙone sarai ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da wani abu. Ta hayaƙi ba ta jin wannan iskar, sai dai in ka sayi mai haɗe da aikin biyu. Kuma duk cikinsu babu mai gano yoyon tukunyar gas, wannan na'urarsa daban.

Sai zaɓen wuri, wanda nan ne aka fi yin kuskure. Hayaƙi sama yake yi, don haka ta hayaƙi a silin ake kafa ta. In dole sai a bango, kada ta yi ƙasa da silin fiye da santimita 30. A sa ɗaya a kowane ɗakin kwana, ɗaya a barandar da ɗakunan suka buɗe, kuma kowane hawa na bene ya samu tasa. A nesanta ta da murhu aƙalla mita 3, haka ma ƙofar banɗaki saboda tururi. Dalili kuwa, ƙararrawar da ke ihu duk lokacin girki, ƙarshenta wani ya gaji ya zare batirinta, ya manta bai mayar ba. A ganina wannan ya fi rashin ta muni, tunda kowa na kwana da tunanin akwai mai gadi.

Ta kabon monoksaid kuma a sa ta kusa da wurin kwana, inda ƙararta za ta isa kunnen mai barci, ba bayan labule ko kabad ba. Samun ta ba izini ba ne na shigo da janareta ciki. Wurinsa waje, kimanin mita 6 daga ƙofa da taga.

Kulawa ba ta da wuya. Ka danna maɓallin gwaji sau ɗaya a wata, ka sauya batir duk shekara, ka share ƙura. Ɗan kukan "cit" da take yi jefi-jefi alama ce batir ya yi sanyi. Ta hayaƙi takan tsufa a shekara 10, ta gubar kuwa sau da yawa 5 zuwa 7. Ranar ƙira tana rubuce a bayanta.

Abu na ƙarshe, ku gwada fita tare da yara. Kowane ɗaki a san hanyoyi biyu na tsira, a kuma tsayar da wurin haɗuwa a waje. Idan ta hayaƙi ta kaɗa, a sunkuya ƙasa inda iska ta fi tsabta, a taɓa ƙofa da bayan hannu kafin a buɗe, a ja ta a rufe bayan an fita. Idan ta gubar ce, musamman in mutanen gida sun kama ciwon kai, jiri ko tashin zuciya lokaci guda, kowa ya fita iska nan take, mai alamun a kai shi asibiti. Daga waje ake kiran 'yan kwana-kwana, kuma kada kowa ya koma ɗauko kaya sai sun ce a shiga.