Yadda Ake Rubuta Manhajar Ɓoye Saƙo Ta Musanya Haruffa

Ɗalibin da ke koyon Python, wato wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, a Damagaram zai iya gina wannan manhaja a zama ɗaya, domin ba ta buƙatar intanet. Da farko ka rubuta haruffa 26 daga a zuwa z a jere guda, sannan ka rubuta jere na biyu inda kowane harafi ya matsa gaba da mataki uku, wato a ya koma d, b ya koma e, na ƙarshe kuma su zagayo farko. Da irin wannan dabara Julius Kaisar na Rum yake ɓoye wasiƙunsa.

Ka haɗa jerin biyu da umarnin str.maketrans, sa'an nan ka bi da saƙon ta cikin umarnin translate, wanda zai musanya haruffan. Idan ka shigar da damagaram, za ka samu gdpdjdudp. Wajen warwarewa, sai ka juya jerin biyu kawai.

Inda ya kamata a natsu shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Muddin ba ka saka ɓ, ɗ, ƙ da ƴ cikin jerin ba, manhajar za ta bar su yadda suke, su tona asirin kalmar. Idan ka saka su, jerin ya zama 30, sakamakon kuma zai sauya. Haka ma manyan baƙaƙe suna buƙatar nasu jerin.

A ganina wannan hanya ta koyo ce kaɗai, kada a ɓoye sirrin kuɗi da ita. Tun ƙarni na 9 masanin Larabawa Al-Kindi ya bayyana a Bagadaza cewa ƙirga yawan maimaituwar haruffa yana karya irin wannan rufi, ga shi kuwa d ya fito sau 4 a misalinmu, daidai inda a yake.