Yadda za ka tsara log ɗinka a Python

Jama'a masu koyon kodin a nan Kaduna, don Allah mu rage watsa print ko'ina, Python na da logging a cikinsa, wato kayan rubuta log (bayanan abin da manhajarka ke yi yayin da take aiki), ba sai ka sauke komai ba.

Da farko ka yi import logging, ka ɗauko logger, wato abin da za ka riƙa tura saƙonni ta cikinsa, da getLogger. Duk saƙon da ka tura zai zama LogRecord, a ciki akwai sunan logger, lokaci, fayil da lambar layi, duk Python ke cikewa da kansa.

Na biyu ka zaɓi mataki, wato girman muhimmancin saƙo. DEBUG 10 ne, INFO 20, WARNING 30, ERROR 40, CRITICAL 50. In ba ka saita komai ba daga WARNING yake farawa, shi ya sa wasu ke cewa INFO ɗinsu ya ɓace, bai ɓace ba malam, tace shi aka yi.

Na uku, lokaci. Ka sa shi a tsarin ISO 8601 (shekara-wata-rana, sannan awa) kuma UTC (agogon bai-ɗaya na duniya), mu a Najeriya awa 1 muke gaba da UTC, in sabar tana Jamus kai kana Kawo lissafi zai rikice maka wallahi.

Na huɗu, a ce manhajar mai POS ce a Kasuwar Barci, kar ka cusa lambar ciniki da kuɗin cikin jimla, ka ba su ta extra, wurin ƙara bayanai a saƙon log, kowanne da gurbinsa, sannan Formatter, mai tsara yadda saƙon zai fito, ya fitar da JSON (tsarin rubuta bayanai kowanne da sunansa) layi ɗaya-ɗaya, nema zai yi sauƙi.

Amma fa PIN, BVN da lambar kati kar su shiga log ko da wasa.